Shekarar da Muka Kai Turame Gindin Tsamiya

Magana biyu nake jin suna yawo a bakinku, ku ƴaƴana da jikokina, kuma gara in gyara su tun da sauran numfashina, kada in kwanta dama a ci gaba da yi mini ƙarya. Ta farko, wai kumandan Nasara na Magarya ne ya aiko aka tashi dattawan garinmu daga gindin tsamiyar bakin hanya. Wannan ƙarya ce tsagwaronta. Kumandan bai san da tsamiyar ba, bai san da mu ba, in ya wuce a motarsa ko waiwaye ba ya yi. Ta biyu, wai an taɓa korata zuwa gidanmu na Waca saboda rashin kunya. Wannan kam akwai ƙamshin gaskiya a ciki. An kore ni, na tafi, na kuma dawo, kuma ko yau aka maida ni shekarar nan abin da na yi shi zan sake yi. Ku dai ji yadda aka yi, sannan ku yanke mini hukunci.

Lokacin da aka kawo ni Tudun Kalgo, tsakanin Bande da Magarya, gari yana yamma, rijiya tana gabas cikin kwari, hanyar Nasara ta ratsa tsakaninsu daga arewa zuwa kudu. Da aikin dole aka yi ta, babanku ma ya ɗauki marmara a ka yana saurayi. Turbar rijiya ta fito daga gari ta tsallaka hanyar, kuma daidai mahaɗar, ta hannun arewa, tsohuwar tsamiyar take. A nan dattawa suke zama. Kakanku Maigari, wato mahaifin mijina, yana tsakiya a kan buzunsa, sauran suna kewaye da shi, kuma da an gama aikin gona suna nan daga hantsi har almuru, sai salla ke tashinsu. Mu kuma kulle bai zo mana ba tukuna, kowace mace ita ke ɗebo ruwanta. To al'adar da na tarar ita ce, macen aure in ta zo daidai tsamiya sai ta tuɓe takalmi in tana da su, ta ja mayafi, ta kau da fuska kudu, ta rage sauri. Ba kallo, ba magana, gudu kuwa ko kare ne ya biyo ki ba kya yi a gaban surukai. Ga tulu a ka, wuya ba ya juyawa shi kaɗai, sai ki karkata jiki duka. Ban ga aibun abin ba, haka muke yi a Waca ma. Abin da ke bin hanyar a da raƙuma ne da jakuna da masu doki, kuma duk cikinsu ba wanda ba ya kauce wa mace mai tulu.

Sai gyaɗa ta yi daraja, manyan motocin nan da muke ce wa kamyo suka fara zuwa. Da kaka ta yi za ka gan su suna fitowa daga wajen Bande, an lafta musu buhuna har sun karkace, sun nufi Magarya su wuce Kano. Arewa da tsamiya akwai tudu, hanya ta gangaro daga kansa ta miƙe zuwa mahaɗarmu. Shoferorin nan, wato direbobin, don su rage shan isansi, man mota ke nan, da sun hau tudun sai su kashe inji su saki mota ta gangaro da kanta. Ba ka jin komai sai ta zo gab da kai. Wanda ke zaune gindin tsamiya yana ganinta tun daga kan tudu. Wadda ke kan turba kuwa ba ta ganinta sai in ta dubi arewa, kuma duban arewa shi ne duban tsamiya, shi ne duban fuskar surukinta. Akuya mota ta fara takewa, sannan jakin wani bafatake. Aka ce dabbobi ne, ba su da hankali.

Zinaru faccalata ce, matar ƙanen babanku. Ke Rabi, ita ta haife ki, ni raino kawai na yi, kuma dariyar nan taki da ba ta da birki tata ce. Tare muke daka, tare muke zuwa rijiya, in na yi fushi da mutum ita ke janye ni tana cewa, "Yaya, bar shi, bakinki ya fi ƙarfinsa." Ba a jima da yaye ki ba ranar ta zo. Da hantsi ne, mun cika tuluna, gammona ya warware na tsaya ina gyarawa, ita ta yi gaba. Ina biye da ita, fuskata kudu kamar tata, sai na ji maza sun ɗauki ihu a gindin tsamiya. Daga baya wasu suka rantse sun ce mota, ban ƙaryata su ba, amma ni da ke bayanta hayaniya kawai na ji, kai, kai, ke, hattara, duk a cakuɗe. Zinaru ta ji muryoyin surukai sun tashi, sai ta yi abin da aka koya mata tun tana yarinya: ta ƙara kau da kai, ta ƙara jan mayafi, ba ta ƙara sauri ba. Duk mazan nan sun san sunanta. Amma suruki ba ya kiran sunan surukarsa, namiji kuma ba ya kiran sunan matar wani a bainar jama'a. Zinaru, tsaya. Abin da ya rage a ce ke nan, ba a samu bakin da ya faɗa ba. Na ji ƙarar tulu kafin in ga motar. Sauran abin da na gani ba zan faɗa miki ba, Rabi, ban taɓa faɗa wa kowa ba.

Gardi, wato ƴan sandan Nasara, suka zo daga Magarya tare da tafinta. Shofer yana kuka yana rantsuwa ya taka birki, kaya ne suka rinjaye shi. Tafinta ya ce hanya ta mota ce, mai ƙafa shi ke dubawa. Kafin la'asar mota ta ci gaba da tafiyarta da gyaɗarta. Aka yi zaman makoki, kowa ya shigo sai ya ce ƙaddara. Ni ma na yi imani da ƙaddara, amma kalmar ba ta kwanta mini ba, don na ga maza sun koma gindin tsamiya, mata sun koma kau da fuska, tudu yana nan inda yake. Da aka share makoki na sami babanku yana tufka igiya a bakin rumbu.

"Malam, ka yi wa Baba magana su matsa daga gindin tsamiyar nan mana. Ko jikin masallaci ne su koma."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Ke, kin san abin da kike faɗi kuwa? Ni in ce wa ubana ya tashi daga inda ubansa ya zauna?"

"To a bar mu mu riƙa duba hanya."

"Ki dubi hanya ki dubi wa? Ki rufa mini asiri, ƴar Waca. Abin da Allah ya rubuta ba mai kankarewa."

"Allah ne ya rubuta mu riƙa shiga gaban mota ido a rufe?"

Ya ajiye igiyar ya fita. Babanku mutumin kirki ne, Allah ya jiƙansa, bai taɓa ɗaga mini hannu ba, amma a gaban ubansa ko tari ba ya iyawa. Sai na tafi wurin Gwaggo Kande. Ita taubashiyar Maigari ce, ɗiyar kawunsa, saboda haka duk garin ita kaɗai ke iya gaya masa abin da ta ga dama, ya yi dariya ko ya haɗiye. Tsohuwa ce mai goro a kunci da baki kamar reza. Ta je ta dawo tana karkaɗe zane.

"Bawan nan nawa kansa ya fi dutsen niƙa tauri," in ji ta. "Wai tsamiya ta riga mota zuwa garin, baƙo ba ya tashin ɗan gida. Ya ce zai sa a yi sadakar gumba, mata kuma su riƙa kasa kunne."

Kunne, ga motar da ta kashe inji! Aka yi gumba, yara suka ci suka lashe hannu. Ni dai daga ranar na fara dubawa. In na zo bakin hanya sai in tsaya cak, in juya jikina arewa, in dubi tudu, sannan in tsallaka. Ban dubi kowa ba, Allah ne shaidata, tudu nake kallo, amma kafin kasuwar Bande ta zagayo gari ya ɗauka cewa ƴar Waca tana kallon surukinta ido cikin ido. Babanku ya yi mini faɗa, ya yi lallashi, ya ce Baba ya fara tambaya ko gidanmu ba a koyar da tarbiyya. Na san inda maganar ta nufa, aurena ne a bakin rijiya. Abin da ya fi ci mini rai kuwa shi ne ba wadda ta bi ni. Ina tsaye ina dubawa, sauran mata suna wuce ni fuska kudu, har da masu goyo. Idona ni kaɗai yake tsarewa, ga shi cinikin gyaɗa ya kankama, motoci sai ƙaruwa suke.

Dabarar a tsakar gida ta same ni. Wata rana bayan azahar ina surfe kusa da rumbun Maigari, sai na ji gyaran muryarsa a zaure. Ka'ida ita ce in saki taɓarya in faɗa ɗaki har ya gama abin da ya kawo shi. Ran nan zuciyata a kusa take, na sunkuyar da kai na ci gaba da surfe kamar ban ji ba. Ya sake gyaran murya. Na ci gaba. Ta wutsiyar ido na ga ƙafafunsa sun shigo, sun tsaya, sun yi jim, sannan suka juya suka koma zaure. Yana can tsaye har Inna, matarsa, ta zo ta ɗauko masa abin da yake nema ta kai masa. Mutumin da gari duka ke rusuna wa, ga shi ya kasa ratsa tsakar gidansa saboda ina wurin! Ashe yadda nake gudunsa haka yake gudu na. Ashe kunyar nan ba mu kaɗai ta ɗaure ba. Na yi dariya har na dafa turmi, kuma ita ce dariyata ta farko tun rasuwar Zinaru.

A masussuka bayan gari na faɗa wa mata, Gwaggo Kande tana gefena. Na ce duk dattijon da ke zama gindin tsamiya yana da suruka a cikinmu. In muka riga su zuwa muka kafa turame muna daka, wane ne zai iya tahowa ya tsaya a kan matar ɗansa ya ce ta tashi? Sai Delu ta yi magana, matar ƙaramin ɗan Sarkin Noma, yarinya mai sanyin hali.

"Ke gidan ubanki da rumbu, ƴar Waca. Ni marainiya ce. In aka ce in tafi, ina za ni?"

Na ce, "Ba wadda za ta kalli kowa, ba wadda za ta tanka wa kowa. Kanmu a ƙasa, daka kawai. Kin taɓa jin an saki mace don tana daka?"

"Ni dai ku yafe mini. Zan je rijiyata in dawo."

Ban ga laifinta ba, gaskiya ta faɗa. Gwaggo Kande ta tofar da goro ta ce tsofaffin ba za su matso ba, wannan ta yarda, amma za su aiko mazajenmu, kuma miji ba ya jin kunyar matarsa. Maganin miji sai uwarsa. Ta ce ita za ta bi iyayen mazaje gida gida, amma duk cikinsu ba wadda za ta motsa sai sun ga Inna ta motsa. Ni ba ni da bakin tunkarar Inna da wannan magana, Gwaggo ce ta je. Ta ce ta zayyana mata komai, Inna tana kaɗi, ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba, ko mazarinta bai tsaya ba. Haka muka shiga abin ba mu san ko tana tare da mu ba.

Dattawa in sun yi asuba sukan zauna wuridi a masallaci har rana ta fito. Da gari ya yi haske muka fara mirgino turame. Ku da kuka tashi da injin niƙa ba ku san nauyin turmin kirya ba, mata biyu ke tura ɗaya, ga gero a ƙwarya, ga taɓare a kafaɗa, ga yara suna bin mu suna murna kamar ana biki. Muka jera su a inuwar tsamiya, muka zuba gero, muka fara. Can sai ga su sun fito, Maigari a gaba da buzu a hammata. Suka taho, suka taho, sannan suka tsaya daga nesa kamar an ja musu layi. Kanmu a ƙasa, amma kunnuwanmu suna wurinsu.

"Sarkin Noma, je ka ce su kwashe," in ji Maigari.

"Ranka ya daɗe, ga matar babban ɗana can a gaba. Sai dai Liman."

"Ni? Wadda ke kusa da ita ai surukata ce."

Gwaggo Kande tana zaune a kan saiwar tsamiya ta miƙe ƙafa, ta ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Barka da fitowa, bawana! Taho mana, ga wuri na share maka nan kusa da surukarka!"

Wata a bayana ta ƙyalƙyale, ta maida shi tari. Maigari ya yi magana da wani a hankali, aka tafi kiran mazajenmu. Suka zo a fusace, babanku a gaba, fuskarsa kamar an aiko masa da mutuwa. Ya tsaya a kaina.

"Ɗauki turmin nan ki wuce gida."

Ban ɗago ba, ban kuma daina daka ba, amma na ga taɓare biyu uku sun tsaya. Da ya sake faɗa sau ɗaya, wallahi da an watse. Sai na ji an ce a ba da hanya. Inna ce, da tabarma a hannu da faifai a ka, bayanta iyayen mazaje sun jero. Ta wuce ɗanta kamar ba ta gan shi ba, ta shimfiɗa tabarmarta daidai inda Maigari ke ajiye buzu, ta zauna, ta miƙo mini hannu in zuba mata gero. Sannan ta yi magana, ba ta ɗaga murya ba.

"Na wanke gawar suruka ɗaya da hannuna. Ba na ƙara wanke wata. Wanda zai tashi yaran nan ya fara da ni."

Babanku ya dubi uwarsa, ya waiwaya ya dubi ubansa, ya rasa inda zai sa kansa. Sauran mazan ma kowa ya tarar da tasa uwar zaune tana bakace. Ɗaya bayan ɗaya suka ja da baya suna susar ƙeya. Taɓaren da suka tsaya suka ci gaba, har wasu suka fara lugude. Ana cikin haka na ɗaga kai, karo na farko ina tsaye a gindin tsamiyar nan, na ga ashe tudun duka a tafin hannu yake. Kuma ga kan kamyo ya ɓullo, shiru, yana gangarowa. Na dubi turba, ga Delu ta taso daga rijiya da tulunta, ta ja mayafi, fuska kudu, ta kusa bakin hanya. Ban san lokacin da na buɗe maƙogwaro ba, a gaban Maigari da Liman da kowa da kowa.

"Delu, tsaya! Mota!"

Ta tsaya cak. Motar ta zo ta wuce ta gabanta da buhunanta, iskarta ta kaɗa mata zane. Gwaggo Kande ta rangaɗa guɗa, muka amsa gaba ɗaya, har shofer ya leƙo yana ɗaga mana hannu, shi a tunaninsa shi ake yi wa. Delu ta tsallako, ta sauke tulu a gindin tsamiya, ta karɓi taɓarya daga hannun wata ta shiga daka hawaye na zuba. Daɗin da na ji ran nan ban ji irinsa ba ko ranar da na sauka Makka. Da na waiwaya, dattawa sun juya sun nufi jikin masallaci, buzu a hammata.

Amma tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Maigari ba zai iya hukunta matan gari duka ba, ba zai iya hukunta Inna ba, kuma ba wanda bai san wadda ta kitsa abin ba. Washegari babanku ya shigo ɗakina ya tsaya daga bakin ƙofa, idonsa ja.

"Baba ya ce ki je gida ki huta."

"Saki ne?"

"Ban ce ba. Ba zan ce ba. Amma ki tafi, don Allah."

"Yaran fa?"

"Ya ce su zauna wurin Inna."

A nan ne abin ya dake ni. Babban yayanku a lokacin bai daɗe da iya magana ba, ke kuma Rabi tun rasuwar uwarki a bayana kike barci. Na bar ku kuna wasa da ƙasa a bakin ɗakin Inna, ban yi muku sallama ba don kada ku bi ni da kuka. Da jakin da zai kai ni ya zo mahaɗa, mata suna gindin tsamiya suna daka. Suka tsayar da taɓare, Delu ta biyo ni da gudu ta cusa mini ƙullin gari a hannu ta ce, "Ba za mu tashi ba, Yaya. Ko an kore mu ɗaya ɗaya." A Waca mahaifina ya saurari labarin har ƙarshe, ya ce ni dai tun ina ƙarama bakina ke ja mini, sannan ya sa aka gyara mini ɗaki. Sanyi ya wuce ina can, zafi ya shigo ina can. Ba ranar da ban yi kukan ku ba, kuma akwai ranakun da na zauna na ce me ya kai ni, ina ruwana da matan wasu. Sai in sami labari a bakin masu zuwa kasuwa cewa turame suna nan, an ma raba kwana, unguwa kaza yau, unguwa kaza gobe, kullum da mai ido a kan tudu, har yaran gari sun koyi tsayawa in an kira suna. Sai in share hawaye in tashi in yi aikina.

Cinikin gyaɗa ya ƙare, motoci suka ɗauke ƙafa, mahaɗarmu ba ta sake cin kowa ba. Da hadari ya fara haɗuwa a gabas sai ga babanku da baffansa sun zo biko. Baffan ya yi ta zagaye zagaye, wai Inna ta tsufa, aiki ya yi mata yawa, yara suna ƙiwuya. Mahaifina ya ce shi dai yana so ya ji wa ya aiko su. Baffan ya ce Maigari ne da kansa. Na koma. Ke Rabi kika taho da gudu kika rungume ƙafata. Yayanku kuwa ya leƙo ya dube ni, ya koma bayan Inna ya ɓuya, ya ɗauke ni baƙuwa. Sai da damina ta yi nisa kafin ya yarda ya ci tuwo daga hannuna. Wannan shi ne abin da na biya, kuma har yau in na tuna sai na ji shi a ƙirji. Da muka keɓe da Inna take gaya mini tun ranar Zinaru tsohon bai ƙara cin abinci da daɗi ba. Ya ce mata sunan yarinyar yana bakinsa a lokacin, ya kasa fitar da shi. Ta ce da aka tashe su daga tsamiya ya yi fushi ƙwarai, amma ko sau ɗaya bai ce a je a karɓo wurin ba, shi ma ya sa aka kafa musu rumfa a jikin masallaci.

Kwana kaɗan da dawowata na tafi rijiya da sassafe, matan daka ba su fito ba tukuna. Na cika tulu, na hauro, na zo bakin hanya na tsaya in duba arewa. Sai ga Maigari yana tahowa ta gefen hanyar, daga wajen tudu, ya dawo daga duba gonarsa, sanda a hannu. Ba kowa sai ni da shi. In na dubi tudu shi zan duba. Na yi tsaye da tulu a ka, ban juya ba, ban tsallaka ba, ina tunanin ko wata tafiya Waca ce ta same ni. Na ji takunsa ya tsaya. Da na saci kallo sai na ga ya sauka daga hanya, ya juya mini baya, ya fuskanci dangar wata gona kamar mai duba ko gara ta ci ta. Ya yi gyaran murya, ya yi magana da dangar.

"A duba hanya da kyau. Ba sauri ake ba. A duba."

Duk zamana da shi har ya bar duniya, ita ce magana ɗaya da ya taɓa yi mini. Na juya jikina arewa, na dubi tudun nan tun daga sama har ƙasa, na dubi kudu, na tsallaka kaina a miƙe. Sai da na shiga gari na ji sandarsa ta ci gaba da tafiya.